Kafin a yanka kwalin sabuwar firinta, a san wanda zai ciyar da ita

Ranar wata Asabar cikin hunturun da ya wuce aka kawo wa makarantarmu da ke nan Bolga sabuwar firinta mai aiki da leza. Wani tsohon ɗalibinmu ne da Allah Ya buɗa masa a Amurka ya saya, ya haɗa ta cikin kayan da ya aiko gida. Allah Ya saka masa da alheri. Muka taru a ofishin hedimasta, malamai da shugaban kwamitin iyaye da limamin unguwa. Aka yi addu'a, aka ɗauki hoto don a tura wa mai kyauta. Da yake ni ke koyar da darasin kwamfuta, sai aka juyo gare ni aka ce, “To Ticha, bismilla.”

Na yanka kwali, na zaro ta, na ciro wayar wuta. Bakin wayar bai dace da soket ɗinmu mai ƙafa uku ba, nan take wani yaro ya ruga ya kawo adafta. Hannuna na kan soket ke nan wani dattijo cikin iyayen yara, wanda aikin wayar wuta ne sana'arsa, ya ce, “Ɗana, dakata tukuna. Juya bayanta ka karanta mana abin da aka rubuta.” Na juya. An rubuta 110 zuwa 127. Wutar Gana kuwa 230 ce. Ya ce, “Adafta baki kawai take canzawa, ba ta rage ƙarfin wuta. Da ka soka, da hayaƙi za mu tura wa bawan Allah nan maimakon godiya.” Wallahi gumi ya keto mini duk da sanyin hunturu. Shekara uku na yi a kwalejin horar da malamai, an koya mini rubuta tsarin darasi da yanka kwali in yi kayan koyarwa, amma ba wanda ya taɓa ce mini in duba bayan na'ura kafin in ba ta wuta.

Abin da ya faru ran nan ne ya sa nake wannan rubutu. Ra'ayina shi ne, ranar da aka kafa firinta a makaranta ko a ofishin masallaci ita ce ranar da ake yanke mata tsawon rai, kuma yawancin abin da ke kashe ta ana iya tsare shi tun kafin a buɗe kwali. Mu mutanen zango mun iya tara kuɗi mu sayi abu, mun iya bikin miƙa shi. Inda muke faɗuwa shi ne wata shida bayan biki, lokacin da tona ta ƙare, aka lulluɓe na'ura da tsohon zane a saman kabad, kowa ya koma inda ya fito. Ku leƙa ofisoshin makarantunmu daga Bolga zuwa Bawku, daga Yendi zuwa Salaga, ku ɗaga zanen da ke saman kabad, ku gaya mini abin da kuka gani.

Wani zai ce, a kan firinta kawai ake wannan dogon zance? Ai takarda ce ke tsakanin yaranmu da jarrabawa. Iyaye ba su manta da kuɗin buga jarrabawa da ake karɓa kowane ƙarshen zangon karatu ba. A shekarar 2019, bayan hukumar ilimi ta GES ta hana karɓar wannan kuɗi a makarantun gwamnati, hotunan malamai suna rubuta tambayoyin jarrabawa a allo sun cika Facebook. Tallafin da gwamnati ke ba makarantu bisa yawan ɗalibai, wanda aka fara a duk ƙasa a 2005 da sidi 3 na kuɗin yanzu kan kowane yaro a shekara, daga baya aka kai shi sidi 10, shi ake so ya ɗauki wannan nauyi tare da alli da rajista da gyaran benci. Kowane hedimasta ya san inda lissafin yake tsayawa. Mun kuma tuna Richard Appiah Akoto, malamin nan na Betenase a yankin Ashanti, wanda a 2018 ya zana fuskar Microsoft Word da alli saboda babu kwamfuta, duniya ta yi ta yaba masa. Ya cancanci yabo. Amma yaron da ya saba kwafar tambaya daga allo, rabin lokacinsa a kwafa yake tafiya, kuma ranar BECE takarda bugaggiya za a ajiye masa, da ƙananan haruffa da zane da gurbin zaɓar amsa.

Mu da ke makarantun Ingilishi da Arabiyya, waɗanda Sashen Ilimin Musulunci ke kula da su tun da aka kafa shi ƙarƙashin GES a 1987, abin ya fi shafar mu. Daga 2024 Larabci ya shiga cikin darussan da ake rubutawa a BECE. Yaranmu sun saba da rubutun hannun malaminsu, wasu ma da rubutun allo irin na gida suka tashi. Harafin Larabci na inji yana da tasa kamar, kuma wanda bai saba ganinsa a takardar tambaya ba zai ɓata mintoci yana tantance abin da ya riga ya sani. Saboda haka firinta mai rai a makarantar zango maganar maki ce a takardar sakamako.

Bari in faɗi abin da na koya a kwanakin da muka yi muna kafa tamu, don kada wani ya biya kuɗin darasin da muka riga muka biya. Firintar leza ba ta amfani da tawada mai ruwa. Gari ne mai laushi a cikinta, shi ake kira tona. Hasken leza yana zana rubutun a jikin wata 'yar ganga mai juyawa, garin ya manne inda aka zana, ya sauka kan takarda, sannan takardar ta bi ta tsakanin wasu rodi masu zafin da ya kusa digiri 200, garin ya narke ya kama. Shi ya sa takarda ke fitowa da ɗumi. Wani injiniya mai suna Gary Starkweather ne ya ƙirƙiro dabarar a kamfanin Xerox wajen 1970, kuma ƙaramar da ake ɗorawa a tebur ta yaɗu ne bayan HP ta fito da LaserJet a 1984. Wannan tsari shi ya sa ta fi dacewa da makaranta: mai tawadar ruwa, in aka rufe ta tsawon dogon hutu a zafin Bolga, bakinta bushewa yake yi ya toshe, gari kuwa ba ya bushewa, kuma ko ruwa ya taɓa takardar rubutun ba ya zuba.

Amma wannan zafin da take yi shi ne kuma lagonta, domin wuta take ja da ƙarfi duk lokacin da za ta fara aiki. Mu dole muka nemi taransifoma mai rage wuta, kuma dattijon nan ya hana mu sayen ƙarama irin ta cajin waya ko rediyo, ya ce sai babba mai ɗaukar nauyinta. Kuɗin da muka kashe a nan da ya sayi tona. Ko wadda aka saya a Kumasi ko Tamale mai cin 230, a ba ta soket nata ita kaɗai, kada a jera ta da firji da fanka a doguwar waya guda. Kada kuma a haɗa ta da ƙaramin batirin ajiyar wuta na kwamfuta, ba zai iya da ita ba. Inda wuta ke hawa da sauka, a sa mata abin kariya, in an tashi aiki a zare waya, musamman da damina lokacin tsawa.

Sai wurin ajiya. Mun so mu sa ta bakin taga don a riƙa ganinta. Kuskure ne. Ƙurar hunturu tana shiga ta hau robobin da ke jan takarda, su riƙa sulɓewa, takarda ta riƙa maƙalewa. Rana kuma ba ta yi wa gangar nan kyau, kuma tonar ajiya ba ta son zafi, ga shi a watan Maris da Afrilu garin nan yakan haura digiri 40. A samu tebur mai ƙarfi a lungun da iska ke ratsawa, a ɗinka mata riga, a rufe bayan ta huce. Takarda kuma a bar ta cikin ledarta, domin da damina takan sha danshi ta nannaɗe a cikin inji.

Cikin kwalin akwai tef da robobi masu launin lemo da aka tokare sassan na'urar da su saboda tafiya. Sai an cire su duka. Kwanson tona ma a girgiza shi a hankali gefe da gefe, in yana da dogon zaren hatimi a zare shi gaba ɗaya, in ba haka ba farar takarda za ta riƙa fitowa a ce inji ya lalace. Kada a taɓa jikin gangar da yatsa. In gari ya zuba a riga, da ruwan sanyi ake wankewa, ruwan zafi narkar da shi zai yi ya zauna. Manhajar da ke haɗa ta da kwamfuta kuwa, a sauko da ita daga shafin kamfanin da ya ƙera ta, a ajiye kwafi a filashi a cikin durowar hedimasta, saboda laftof ɗin da aka raba wa malamai tun 2021 na malami ne, in an yi masa canjin wurin aiki da abinsa zai tafi. Wani abin da ya ba mu wahala kwana biyu: Amurka girman takardarsu daban ne da A4 da muke saya a nan, ta fi tamu faɗi kaɗan, tamu ta fi tsawo. Sai da muka canza wannan a cikin na'urar da cikin kwamfutar sannan layin ƙarshe ya daina yankewa. Shafin gwaji na farko kuma kada ya zama Turanci kaɗai. A buga layin Larabci mai wasali, a buga Hausa mai ɓ da ɗ da ƙ, a ga ko sun fito daidai ko akwatuna suka zama. In akwatuna ne, laifin nau'in harafin da aka zaɓa ne a kwamfuta, a canza shi.

Duk wannan aikin yini ɗaya ne ko biyu. Babbar maganar ita ce lissafi, kuma shi ne ba mu yi ba sai da ƙaramar fitila ta fara ƙiftawa. Tonar da ke zuwa cikin sabuwar firinta yawanci ta ɗanɗano ce, ba ta kai cikakkiya ba. Cikakkiyar ma, a irin ƙananan injinan da muka saba gani, kwalinta kan ce shafi 1,500 ko 1,600, kuma wannan adadi an auna shi ne da shafin da rubutu ya rufe kashi 5 cikin 100 kawai. Takardar jarrabawa mai cike da tambayoyi da taswira ta fi haka ci. To a ce makaranta tana da yara 300, kowane yaro darasi 8, kowane darasi shafi 2, sau 3 a shekara. Shafi 14,400 ke nan. Ko da an yarda da abin da kwali ya faɗa, tona 9 ake bukata, da rim kusan 29 na takarda in fuska ɗaya ake bugawa, tunda rim ɗaya 500 ne. Ba a sa gwajin mako ba, ba a sa wasiƙun iyaye da katin sakamako ba. Duk wanda ya yi wannan lissafi zai gane cewa kuɗin injin shi ne ƙaramin kashi. Wanda ya ba ka doki ya gama nasa, dawa da ciyawa kullum a wuyanka suke.

Don haka nake ba da shawara ga kwamitocin makarantu da ƙungiyoyin matasan zango da 'yan'uwanmu na ƙetare, a amsa tambayoyi huɗu a rubuce kafin a saya ko a karɓa. Ta farko, ina ake sayar da tonar wannan samfurin, kuma nawa? A tambayi masu shagon fotokofi na garin wace iri suke amfani da ita, wace iri masu gyara suka sani. Wasu kamfanoni sukan raba tonarsu bisa yankin duniya, ta yadda wadda ke kasuwarmu ba lallai ta yi aiki a injin da aka sayo wata nahiya ba. Mu a Bolga in abu ya gagara sai Tamale, tafiyar kilomita kimanin 160. Na Yendi kimanin 100 ke tsakaninsa da Tamale, na Salaga kimanin 120. Na Bawku kuwa sai ya fara yin kimanin 80 kafin ya iso Bolga, kuma duk mun san halin da hanya da dokar hana fita suka sa mutanen can a 'yan shekarun nan, Allah Ya kawo zaman lafiya. Ba a fafe gora ranar tafiya, tonar jarrabawa ma ba a nemanta ana saura kwana biyu.

Ta biyu, daga wace jaka kuɗin tona da takarda zai riƙa fitowa? Kada amsar ta zama aljihun yara, domin in aka koma karɓar kuɗi daga ɗalibi an dawo da abin da aka hana ta ƙofar baya, kuma marayan da ba shi da shi ne zai sha kunya. Tsofaffin ɗalibai, masu shaguna a kasuwa, jama'ar masallaci ranar Juma'a, kowa ya ɗauki wata guda ko rim guda bisa son ransa, a rubuta. Ta uku, wa ke riƙe da ita? A sa mutum biyu, kada ya zama ɗaya, kuma a koya wa ɗaya daga cikin malaman Arabiyya, namiji ko mace, don kada ɓangarensu ya zama mai roƙo a gidansa. Ta huɗu, ina littafin lissafi? Injin da kansa yana ƙirga shafukan da ya buga, ana iya fitar da adadin. A ajiye littafi kusa da shi: rana, suna, abin da aka buga, shafi nawa. Ƙarshen wata a gwada da ƙirgar inji. In ba haka ba katin biki da takardar neman aikin ƙanin wane za su cinye tonar yara, kuma ba wanda zai iya cewa a'a, tunda dukkanmu dangin juna ne.

Na san abin da za a ce. Wasu za su ce rashin kunya ne a gindaya wa mai kyauta sharaɗi. Ni a ganina mutunta shi ne. Bawan Allah ya cire daga guminsa yana neman sadaka mai gudana, ladan kuwa yana tafiya ne muddin ana amfana. In muka yi shiru muka karɓi abin da muka san ba zai yi shekara ba, mun cuce shi. Gara a ce masa, “Alhaji, in da hali turo kuɗin a saya a nan, a rage girman injin a haɗa da tona biyu da kwalin takarda.” Mai niyyar alheri ba zai ji haushin wannan ba. Namu da muka yi masa bayanin abin da ya faru, cewa ya yi me ya sa ba a gaya masa tun farko ba.

Wasu kuma za su ce zamanin takarda ya wuce, a tura komai ta WhatsApp. Wayar gidan tana hannun uba yana tasha ko kasuwa, yara biyar ke jiran ta, data kuma kuɗi ce. Ranar da hukumar WAEC ta daina ba yaranmu takarda, sai mu sake zama. Akwai kuma masu cewa a bar wa shagunan fotokofi, su ma abincinsu ke nan. A nan na yarda da rabin maganar. Lissafin da na kawo a sama ya nuna ƙaramar firinta ba a yi ta don dubban shafuka cikin mako guda ba. Hanyar da ta fi ita ce a buga asali mai tsabta a makaranta, a kai shago a ninka, malami na tsaye har a gama. Na taɓa barin tambayoyina a filashi a wani shago na tafi sallar La'asar, washegari rabin aji sun san tambaya ta uku. Tun ran nan ba na barin tambaya ta kwana a kwamfutar da ba tamu ba. Inda kuma makarantu uku ko huɗu ke kusa da juna, kamar yadda yake a zangunanmu, me zai hana su haɗa kai su sayi babban inji guda mai buga fuska biyu, maimakon ƙanana huɗu da za su mutu ɗaya bayan ɗaya? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kada mu manta mu jikokin masu takarda ne. Alhaji Umaru, haifaffen Kano wanda ya zauna Salaga kafin yaƙin 1892 ya sa ya koma Kete-Krachi inda ya rasu a 1934, da hannu almajiransa suka riƙa kwafar rubuce-rubucensa na Larabci da Hausa suna yaɗawa zango zango. A shekarun 1960, Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Gana da ke Legon ta bi gidajen malamai, da taimakon irin su Alhaji Usmanu Boyo, tana aron littattafai tana ɗaukar kwafinsu da inji tana mayar wa masu su. Dabarar gari da zafi da aka yi wancan aiki da ita, ita ce dai ke cikin akwatin da ke kan teburin hedimastanmu yau. Waɗancan bayin Allah sun san darajar tawada da takarda saboda da wahala suke samu. Mu da inji ke yi mana shafi ashirin kafin shayi ya huce, bai kamata a ce abin da ya gagare mu shi ne tanadin garin da za a zuba masa ba. Hausa ba ta cikin harsunan da ake koyarwa a makarantun gwamnatin ƙasar nan, ba wanda zai buga mana ƙaramin littafin koyon karatunta ko na ajami in ba mu ba.

Tamu firintar tana nan tana aiki, alhamdu lillahi. Dattijon nan ya ja mata layinta daban bai karɓi ko pesewa ba. Wata uwa mai ɗinki ta yi mata riga da ragowar atamfa. Littafin lissafi yana rataye da zare a ƙafar tebur, kuma an riga an yi rigima biyu a kansa, wanda ya nuna mini yana aiki. A ƙarshen zangon da ya wuce, karon farko, 'yan ajin ƙarshe suka rubuta gwajin Larabci a bugaggiyar takarda, na ga wata yarinya tana bin layi da yatsa tana murmushi. Tonar ajiya guda ce ta rage a kabad, kuma har yanzu ba mu san wanda zai sayi ta gaba ba. Taron kwamiti na ranar Lahadi bayan Azahar, wannan ce magana ta farko a jerin abin da za a tattauna. In makarantarku na jiran irin wannan kwali, ku yi naku taron kafin ya iso.